Takardar Kakanmu Barka

Da sunan Allah na fara, shi ne ya ara mini kwanakin da zan faɗi wannan da kaina. Ku 'ya'yana da jikokina, na san kun sha jin labarin shekarar da aka yi rigimar gona, kowa da irin yadda ya ba ku shi. Wasu sun ce muku na tona asirin gidanmu a bainar jama'a saboda kwaɗayin ƙasa. Wasu sun ce taurin kai ne irin na macen da ta saba ciniki a bakin titi. Ban taɓa tsayawa na wanke kaina ba, domin a lokacin ina da abin yi da ya fi wannan. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, na ga gara ku ji daga wadda ta ɗauki takardar da hannunta.

A wannan shekarar ina sayar da abinci a ƙofar wata majema da ke Challawa. Mahaifinku, Malam Idi, ya rasu shekara huɗu kafin nan, ba da daɗewa ba bayan an rufe masaƙar da ya yi wa aiki a Bompai. Danginsa duk suna Damagaram, don haka na kwaso ku muka dawo ƙauyenmu, gidan da aka haife ni. Kullum da sassafe nake ɗora shinkafa da wake, kafin masu aikin safe su sauko daga a daidaita sahu na riga na kafa rumfa. Gonarmu ta gado a da ta kai har bakin kogi. Da gwamnati ta yanka filayen masana'antu sai ta cinye fiye da rabinta, abin da ya rage mana wani yanki ne tsakanin katangar wani kamfanin leda da hanyar manyan motoci. Wana, kawunku Garba, shi ke noma ta. Duk shekara sai ya raba mana dawa da gyaɗa, kuma ban taɓa jin ya tauye wa kowa ko tiya ɗaya ba. Ina so ku riƙe wannan game da shi kafin ku ji sauran.

A gidan kuma akwai Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakanmu. Ta kusa shekara casa'in, idonta ya yi rauni amma kanta garau. A ƙarƙashin gadonta akwai adudu, cikin adudun akwai wata tsohuwar gafaka da take kira kayan Baba. Duk shekara in ruwa ya ɗauke sai ta rufe ƙofar ɗakinta, ta baje takardun da ke ciki a kan tabarma su sha iska, ta sauya ganyen darbejiyar da take sakawa saboda gara. Tun muna yara muka san ba a taɓawa, ba a kuma tambaya. In aka tambayi asalinmu, abin da aka koya mana shi ne kakanmu Barka baƙo ne da ya zo daga kudu ya zauna. Iyakarta ke nan.

Ana cikin noman farko sai Yaya Garba ya je gona ya tarar an kafa duwatsun awo a kusurwoyinta huɗu. Bayan kwana biyu wani mutum mai suna Alhaji Mudi ya zo daga Hotoro a mota, suka shiga zaure su biyu. Sun daɗe. Da Yaya ya shigo cikin gida, na ga fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce Alhajin ya zo da da'awar cewa gonar ta kakansa ce, aro aka ba kakanmu, kuma ya riga ya yi magana da kamfanin ledar nan za su saya su gina wurin ajiyar kaya. Ya ce an yi masa alkawarin za a yanka mana fuloti biyu a bayan gari, in muka yi shiru. Za a je gaban hakimi ranar Laraba ta sama a tabbatar, shi ke nan.

Na ce masa ban gane ba. Gonar da ubanmu ya noma har ya mutu, wadda da sunansa aka biya diyya lokacin da aka yanki rabinta, ta yaya za ta zama aro rana ɗaya? Ai Gwaggo tana da takardu. Sai ya dube ni ya ce:

"Uwani, takardun nan su ne matsalar. Alhajin ma ya san abin da ke ciki, shi ya sa ya zo da ƙarfinsa. Ki bar maganar nan."

Ban bar ta ba. Washegari ban fita ciniki ba, na jira har hantsi ya yi, gida ya yi shiru, na shiga wurin Gwaggo na durƙusa. Na ce mata na haura hamsin, na binne miji, na aurar da 'ya'ya biyu, in akwai abin da ake ɓoye mini a gidan ubana to lokacin sani ya yi. Sai ta ce in jawo adudun.

Takardun sun fi yadda nake zato yawa. Akwai rasiɗan haraji tun na zamanin Turawa, an ɗaure su da zare shekara bisa shekara. Akwai takardar rabon gadon mahaifinmu, da ta diyyar gwamnati, da wata wasiƙa da wani ɗan'uwa ya aiko daga hanyar Makka. Can ƙasa kuma, a naɗe cikin farin ƙyalle, akwai wata guda ɗaya da ta yi launin ƙasa, rubutun Larabci ne da hatimin alƙali a ƙasanta. Gwaggo ba ta iya karatu ba, amma ta haddace abin da ke ciki kamar Fatiha. Ta ɗora yatsa a kai ta ba ni labari. Kakanmu Barka ba baƙo ba ne da ya zo da ƙafarsa. Kamo shi aka yi yana yaro, aka sayar da shi, ya tashi bawa a gandun uban kakan Alhaji Mudi. A nan aka haɗa shi aure da wata baiwa mai suna Hauwa. Da ya nemi a ba shi damar fansar kansa aka yarda, sai ya riƙa yin aikin ubangidansa da safe, da yamma ya yi nasa. Da damina yana fito a kogin Challawa, yana haye da mutane da kayansu a kan gora, da rani yana jimar fata. Da abin da ya tara ya isa fansar mutum ɗaya, sai ya je gaban alƙali ya ce ba kansa zai fansa ba, matarsa ce.

Na tambaye ta dalili. Gwaggo ta ce:

"Ɗa uwarsa yake bi. Inna tana da cikin babanku a lokacin. Baba ya ce shi ya saba da igiya, amma ɗansa ba zai buɗe ido a cikinta ba. Ya ƙara shekara biyar yana bauta, matarsa da ɗansa suna 'yantattu. Sunanta kika ci, shi ya sa ake ce miki Uwani."

Shekara tara ya yi kafin ya gama da kansa. Bayan nan ya ci gaba da fito har ya sayi gonar daga hannun ɗan ubangidan nasa. Alƙalin da ya rubuta fansar shi ya rubuta cinikin, kuma a takarda guda ya haɗa su, fansa a sama, ciniki a ƙasa. Ba yadda za a yi a nuna rabi a ɓoye rabi. A bayan takardar akwai wasu layuka na ajami, karkatattu kamar rubutun ɗan farin shiga. Wannan na iya karantawa da kaina, domin na yi makarantar allo. Iyakokin gonar ne, daga tsamiya zuwa kwari, daga kwari zuwa turbar shanu. Gwaggo ta ce hannun Barka ne. Sai da ya tsufa ya shiga makaranta, ya zauna cikin yara, don kawai ya iya rubuta abin da yake nasa.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na shiga ɗakin ina tsoron zan ji abin kunya, na fito ina jin kamar an ƙara mini tsawo. Duk rayuwata ina ganin mu ba kowa ba ne, talakawan bakin kogi da masana'antu suka kewaye. Ashe daga irin wannan mutumin muka fito.

Yaya Garba bai ga abin haka ba, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Shi ne na'ibin limamin unguwarmu. Yana da 'ya'ya mata biyar da ba su yi aure ba. Ya san mutanenmu, ya san yadda ake binciken asali in an zo neman aure, ya san kalma ɗaya tana iya bin gida har jikoki. Kwana uku muka yi muna ja. Ya ce mahaifinmu ya rufe wannan magana da gangan, wa ya fi shi sanin abin da ya dace? Na ce mahaifinmu ya rufe ta ne domin ba wanda ya zo ƙwace masa gona. Ya ce ƙasa ana samun wata, amma mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Na ce in muka karɓi fuloti biyun nan, mun sa hannu ke nan cewa Barka bai taɓa sayen komai ba, shekarunsa na cikin ruwa sun tafi a banza, kuma mun mayar da shi gandun da ya fita da guminsa. A rana ta uku ya ce ko dai in yi shiru ko ya ɗauko takardar ya sa a murhu. Gwaggo tana jin mu daga ɗaki. Da ya fita masallaci ta kira ni, ta ciro takardar ta miƙa mini, ta ce in sa a cikin zanena. Ba ta ce in kai ba, ba ta ce kada in kai ba. Ta dai ce ita ta gaji da riƙo.

A nan ne na yi kuskuren da har yau nake neman gafararsa. Saudatu, a lokacin an sa ranar aurenki da yaron nan na Sharada, an kawo lefe, saura wata biyu. Na yi tunanin Barka, na yi tunanin gona, na yi tunanin Yaya, amma ban zaunar da ke na tambaye ki ba. Na gaya wa kaina mutanen kirki ne, ba za su damu ba. Gaskiyar ita ce tsoro na ji kada ki ce in bari, domin na san in kika ce haka ba zan iya tsallake maganarki ba.

Ranar Laraba zauren hakimi ya cika. Akwai dagacinmu da masu unguwanni, akwai lauyan kamfanin da jakarsa, akwai 'yan kallo har waje. Mu mata muna zaune daga bakin ƙofa. Alhaji Mudi ya yi bayaninsa a natse, ya ce kakansa ne ya ara wa wani yaron gidansu wurin don ya ci abinci, yanzu kuma magada suna bukatar abinsu. Hakimi ya juya ga Yaya Garba ya tambaye shi ko yana da wata shaida da ta saɓa wa wannan. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce babu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na rarrafa na shiga, na faɗi na yi gaisuwa, na ce akwai, ranka ya daɗe. Na kwance bakin zanena na miƙa.

Aka ba malamin da ke rubuta wa hakimi. Ya buɗe ta a hankali, ya duba hatimin, sannan ya fara karantawa yana fassarawa layi bayan layi. Da ya zo wurin da aka ce Barka, bawan wane, ya fanshi matarsa Hauwa sannan ya fanshi kansa, sai na ji wata mata a bayana ta ja numfashi. Malamin ya dakata, kamar yana jiran a ce masa ya isa. Alhaji Mudi ya gyara zama ya ce:

"To, jama'a sun ji da kunnensu ko su wane ne."

Na ce: "An ji, ranka ya daɗe. A ci gaba da karatun, akwai saura."

Hakimi ya ɗaga wa malamin hannu, ya ci gaba. Ya karanta cinikin gonar, da sunan wanda ya sayar, wato kakan Alhaji Mudi na wajen uba, da sunayen shaidu huɗu, ciki har da kakan dagacin da ke zaune a wurin. Ya juya bayanta ya karanta iyakokin. Tsamiyar tana nan har yau, kowa a zauren ya san ta. Hakimi ya sa aka je gida aka ɗauko rasiɗan haraji da takardar diyya, aka gwada, duk suka dace. Lauyan kamfanin ya karɓi takardar ya duba hatimin, ya yi wa Alhaji Mudi magana ƙasa-ƙasa, ya rufe jakarsa. Kafin la'asar an ce a je a tone duwatsun awo. Da za mu tashi hakimi ya ce a mayar mini da takardar a hannuna, ya kuma ce in adana ta da kyau, domin gidaje da yawa masu taƙama da asali ba su da kamarta.

Mun ci gona, amma ba a yi guɗa a gidanmu ba. Yaya Garba ya wuce ni a ƙofar zauren kamar bai san ni ba. Sati bai cika ba ya daina shiga gaba a masallaci, ba don an hana shi ba, shi ne ya janye da kansa. Bayan kwana goma wasu mata biyu suka zo daga Sharada, suka yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe suka ce an ga abin bai yi ba, a ba su kayansu. Ni na fito da akwatunan da hannuna. Saudatu, ba ki yi kuka a gabansu ba, kuma na gode miki da wannan. Sai da suka tafi kika tsaya a ƙofar ɗakina kika ce:

"Inna, da kin gaya mini. Ko da zan ce ki je, da kin bari ni na faɗa."

Kin yi gaskiya.

A bakin majema ma labari ya riga ni isa. Wasu masu sayar da abinci suka fara kirana jikar Barka, suna yi suna dariya. Na bar su sati guda. Daga nan na kira mai fenti na ce ya rubuta mini a jikin allon rumfata, da manyan baƙaƙe, Abincin Jikar Barka. Leburori suka riƙa tambayar ko wane ne Barka, ni kuwa ina zuba musu wake ina ba su labari. Da yawansu mutanen karkara ne daga Jigawa da Nijar, sun san abin da ake nufi da mutum ya yi aikin wani da safe ya yi nasa da yamma. Ba wanda ya yi dariya a cikinsu. Da dariyar ta rasa mai taya ta, sai ta mutu da kanta.

Gwaggo ta rasu bayan girbin wannan shekarar, ta bar mini gafakar da bakinta a gaban shaidu. Na kai takardun cikin gari aka ɗauki hoton kowace, na raba wa kowane ɗaki na zuriyar Barka kwafi. Na aika wa Yaya nasa, ya dawo mini da shi ba a buɗe ba. Shekara uku muna gida ɗaya, katanga ce kawai tsakaninmu, ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Amma duk kaka buhun dawata yana zuwa ƙofar ɗakina, cikakke. Biyu daga cikin 'ya'yansa suka yi aure a tsakanin nan, ɗaya kuwa an fasa nata kamar yadda aka fasa na Saudatu, kuma na san a kaina ya ɗora. Ban ce bai kamata ba.

A shekara ta uku wani direban babbar mota da ke lodi a Dakata ya fito neman Saudatu, shi ne Habibu, uban 'ya'yanta a yau. Dangin mahaifinku suka aiko daga Damagaram cewa sun wakilta Yaya Garba ya karɓi baƙin. Ranar da za su zo, da hantsi, sai ga matarsa ta shigo ta ce wai in ba da kayan Baba. Na tuna maganar murhu. Na ce ni zan kai da kaina. Na miƙa masa a ƙofar zaure, ya karɓa bai dube ni ba, ni kuwa na zauna daga ciki, bayan ƙyaure, inda nake jin komai.

Baƙin su huɗu ne, babbansu wani dattijo ne, baffan Habibu. Bayan an gaisa suka turo ƙwaryar goro. Sai na ji Yaya ya ce su dakata.

"Kafin ku ajiye goronku, ku ji ko mu su wane ne, kada ku ji a bakin wani. Yarinyar nan ta wajen uwa jikar bawa ce. Sunansa Barka, kakana ne. Ga takardarsa."

Ya ba su labarin tun daga kamu har sayen gona, bai rage komai ba. Har abin da ban san ya sani ba ya faɗa, wai Barka ya taɓa haye da amarya da kayanta a ranar da kogi ya cika har maza suka ƙi shiga. Da ya zo wurin fansar Hauwa, ya yi gyaran murya ya wuce. Ni dai ina riƙe da ƙyauren. Da ya gama, dattijon ya tambaya shekara nawa mutumin ya yi yana wannan aiki. Yaya ya ce tara. Dattijon ya ce Allah ya jiƙansa, sauran suka ce amin. Sannan ya sa hannu ya ƙara turo ƙwaryar gaba, ya ce a karɓi goro.

Bayan sun tafi Yaya ya shigo da gafakar a hammatarsa. Ya tarar da ni a bayan ƙyauren, bai yi mamaki ba. Ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce:

"An sa rana, bayan ƙaramar salla. Ki sa a sauya igiyar gafakar nan, ta kusa tsinkewa."

Wannan ce maganar farko da ya yi mini cikin shekara uku, ban kuma nemi wadda ta fi ta ba. Washegari na kai wa baduku ya sa sabuwa.